Hannun Technics na asali ko Rega RB330: wanne za a ɗaura wa SL-1200MK2 a gida?

Malam, ka ce kana da garmaho Technics SL-1200MK2 da ka saya na gwanjo a nan Jos, hannunsa mai ɗauke da allura yana girgiɗi, allura tana tsallake layi, kuma sautin gefe ɗaya yana ɗaukewa. Kana so ka canza hannun da kanka, amma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin irin nasa na asali da Rega RB330 da ake ta yabo. Ga wannan garmahon, kuma ga aikin da za a yi a kan teburin ɗaki, mu dai na asalin muka zaɓa maka. Rega hannu ne mai kyau ƙwarai, sai dai ba don wannan jikin aka ƙera shi ba, kuma kashe kuɗi ba ya tsayawa a kan sayen hannun kaɗai.

Kafin ka fitar da ko sisi, gwada tsohon tukuna. Murɗe mariƙin allura daga bakin hannu, ka leƙa 'yan ƙusoshi huɗun da ke ciki. Ƙurar hunturu da tsatsa suna taruwa a nan, kuma sau da yawa su ne ke sa gefe ɗaya ya yi shiru. Goge su da auduga da ɗan sifirit. Sannan ka sa mitar gwada wuta a wurin da take yin ƙara idan waya ba ta tsinke ba, ka auna daga kowace ƙusa zuwa filogin RCA, wato filogin kebul ɗin sauti da ke shiga amfilifaya. A yi wannan babu katirij (ɗan akwatin da allura take maƙale da shi) a jiki, don bai kamata wutar batirin mita ta bi ta siririn naɗin wayarsa ba. In kebul ne ya tsinke, kebul za ka canza, hannun ya tsira. Shi kuwa girgiɗi, mayar da mariƙin, ka kai anti-sket (maɓallin da ke hana hannu zamewa zuwa tsakiyar faifai) sifili, ka juya nauyin baya har hannu ya tsaya a iska, sai ka hura masa iska kaɗan daga gefe. Lafiyayye zai tafi sumul har tsakiyar faranti. In yana tafiya yana cijewa, ko kuma ka riƙe bututun ka ɗan motsa ka ji ƙas-ƙas, boris ya ci, canji ya wajaba.

Babban bambancin hannuwan biyu yana cikin awo ɗaya: nisa daga tsakiyar sandar faranti zuwa tsakiyar gindin hannu. A Technics milimita 215 ne, tsawon hannun daga gindi zuwa tsinin allura 230, wato allura tana zarce sandar da milimita 15. Rega kuwa 222 yake nema, tsawonsa kimanin 237. Milimita 7 kamar ba komai ba, amma ramukan da ake matsar da katirij gaba ko baya ba za su iya cinye su ba. Milimita ɗaya za su iya gyarawa, bakwai ba za su iya ba. Wanda ya dasa Rega daidai inda tsohon gindi yake, allurarsa za ta zauna a karkace cikin layin faifai, waƙoƙin kusa da tsakiya su riƙa fita da ƙaiƙayi, gefe ɗaya na allurar ya cinye da wuri.

Aikin na asali kwancewa ne da liƙin dalma. Zare wuta, ɗaga faranti ta ramuka biyun da ke jikinsa, cire mariƙin allura da nauyin baya, ƙulle hannu a mazauninsa. Kifa garmahon a kan matasai biyu yadda hannun ba zai taɓa komai ba. Kwance ƙafafu huɗu da sukurorin baƙar robar ƙasa. Suna da yawa kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne, don haka zana hoton ƙasan a jikin kwali ka riƙa soka kowanne a gurbinsa. A ƙarƙashin gindin hannu za ka tarar da ɗan allo inda wayoyi biyar sirara kamar gashi suka sauka: fari da shuɗi na hagu, ja da kore na dama, baƙa ta ƙasa, wato earth. Ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa su. Abin liƙi ya zama ƙarami mai siririn baki, taɓawar daƙiƙa biyu ta isa, in an daɗe rigar wayar narkewa take yi. In ka samu hannu haɗe da gindinsa gaba ɗaya, shi ya fi sauƙi, sukurori uku ne ke riƙe da shi. In bututun da boris kaɗai ka samu, sai ka yi hattara da siririn sifirin na anti-sket, domin in ya lanƙwashe lambobin da ke jikin maɓallin ba za su sake faɗin gaskiya ba. Ka bar wa wayoyin ɗan sassauci, in suka ɗaure za su riƙa jan hannu baya kamar boris ne ya lalace. Babu huda, babu awon 215, kamfani ya riga ya gama wannan. Abin tsoro a nan shi ne jabu: akwai kwaikwayo da yawa a kasuwar intanet, kuma ka tabbatar na dangin MK2 ne, kada ka ɗauka na sabon samfurin MK7 zai zauna.

Aikin Rega babu dalma a cikinsa, tunda kebul ɗinsa a haɗe yake zuwa, amma wahalarsa tana wani wurin. Gindin Technics gaba ɗaya zai fita, a toshe gurbin da allon hannu mai rami a daidai 222. Akwai allunan alminiyam da aka ƙera musamman don SL-1200, kuma shawararmu a sayi wannan tare da hannun. A lura da irin zaman: tsofaffin RB250 da RB300 noti ɗaya ne babba ke kama su ta ƙasa, RB330 kuwa sukurori uku ne ta sama. Allon wannan ba lallai ya karɓi wancan ba.

In ka ce sai ka yi allon da kanka, to ga inda ake faɗuwa. Kada ka yanko ɗanyen katako daga kasuwar Katako, bushewar iskar Jos daga Disamba zuwa Fabrairu za ta tsuke shi ko ta murɗa shi, awonka ya gudu. Alminiyam ko filawud mai kyau ya fi. Wajen awo, yawancin mutane suna dafa rula a gefen sandar faranti, alhali daga tsakiyarta ake aunawa. Kaurin sandar kimanin milimita 7.2 ne, kenan awo daga gefe ya jefa ka cikin kuskuren 3.6 tun ba a fara huda ba. Samu dogon kwali mai tauri, ka huda masa ramin da zai shige sandar cif, ka auna 222 daga tsakiyar ramin, ka soka allurar ɗinki a nan, ita za ta sa maka alama a kan allon. Fara da ƙaramin rami, sake aunawa, sannan ka buɗa shi zuwa milimita 24 ko 25, tunda sandar gindin 23 ce. Ramukan sukurori uku kuwa sai ka zaunar da hannun ka ga inda mazauninsa ya fuskanta kafin ka huda su. Ɗauri kaɗan ya ishe su.

Sai batun tsayi, kuma a nan ne Technics ya yi wa Rega nisa. Ana so bututun hannu ya kwanta daidai da faifai lokacin da allura take kai. Technics yana da zoben da ake juyawa daga 0 zuwa milimita 6, da ɗan makulli a gefe. Zoben yakan cije saboda tsohon giris, kada a tilasta masa, a wanke a sa sabo. Rega ba shi da wannan ko kaɗan, sai dai a cusa masa washa mai kaurin milimita 2 a ƙarƙashin gindi. Washa kuwa ɗagawa kawai take yi. In allonka ya yi tudu, babu hanyar saukarwa sai ka ƙara kaurin tabarmar faranti ko ka sake wani allon. Haka kuma kan Rega, wato mariƙin allurarsa, a jikin bututu yake, zubi ɗaya, canza katirij aikin hantsaki ne da ƙananan wayoyi huɗu masu saurin tsinkewa. Wannan zubi ɗayan shi ne ƙarfinsa, babu mahaɗar da za ta yi motsi ko tsatsa, kuma mutane da yawa don haka suke son sautinsa. Amma mai tsofaffin fayafayen da suka sha hannu, wanda yake son allura ɗaya ta masu ƙarce da wata ta masu tsabta, zai fi jin daɗin kan da ake murɗewa cikin daƙiƙa biyar. In kuwa za ka riƙa fita da garmahon wajen biki, ka manta da Rega.

Ta fuskar dacewa da katirij, kusan kunnen doki suke. Nauyin aikin hannun Technics, wato nauyin da allura take ji idan tana motsa hannun, giram 12 ne, na Rega kimanin 11. Ana so girgizar hannu da allura ta faɗa tsakanin has 8 da 12, wato sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa. Lissafin shi ne a haɗa nauyin hannu da na katirij da na sukurori, a ninka da laushin allura (lambar compliance da mai ƙera katirij yake bayarwa), a cire tushen murabba'i, a raba 159 da shi. Katirij ɗin Ortofon 2M Red mai giram 7.2 da laushi 20 yana ba da kimanin has 8 a kan kowannensu. Saboda haka kada wani ya ce maka dole sai Rega kafin katirij irin wannan ya yi aiki.

Gurnanin wuta shi ne abin da ya fi damun masu Rega a kan wannan jikin. Technics yana da wayar ƙasa daban da ake ɗaurewa a sukurun GND na amfilifaya. Rega ba shi da ita, ta rigar kebul ɗin hagu yake sauke tasa. Da ka cire tsohon gindi, jikin garmahon ya rasa inda yake haɗuwa da ƙasa, kuma a gidan da soket ba shi da ƙafa ta uku mai aiki, ko ana kan janareta ko inbata, sai ka ji “huuu” na has 50 a sifika. Maganinsa a ja waya daga ƙarfen jikin garmahon zuwa GND. A kuma raba kebul ɗin sauti da na wuta, kada su kwanta tare.

Ko wanne ka ɗaura, saitin ƙarshe iri ɗaya ne. Daidaita ƙafafu da ma'aunin ruwa irin na magina a kan faranti. Nauyin da allura take danna faifai da shi, a auna shi da ƙaramin sikeli irin na masu sayar da duwatsu masu daraja, mai karanta 0.01, a tsayin faifai: 2M Red giram 1.8, Audio-Technica VM95E giram 2. Anti-sket ya fara daga lambar da ta yi daidai da wannan nauyin. Wajen zaman katirij, Technics yana da 'yar farar roba da ke ba da milimita 52 daga washar mariƙi zuwa tsinin allura, ko rula ma za ta yi. Rega sai takardar awo mai ɗigo biyu, ta tsarin awon da ake kira Baerwald tana da su a milimita 66 da 120.9 daga tsakiya. In za a buga maka ita a shagon kwamfuta, ka ce a bar ta a girmanta ɗari bisa ɗari, sannan ka auna da rula, domin injin bugawa yakan rage ta don ta shiga shafi. Zaɓi hanya ɗaya, kada ka saita da 52 sannan ka koma kana gyarawa da Baerwald.

Gwajin farko a yi shi da faifan da ba ka damu da shi ba. In muryar mawaƙi ta ƙi tsayawa a tsakiya kuma ganga ta rasa nauyi, wayoyin gefe ɗaya sun juya, duba fari da shuɗi, duba ja da kore. In gefen dama ne ke tsagewa a wurare masu ƙarfi, ƙara anti-sket kaɗan, in hagu ne, rage. In tsagewar tana zuwa ne a waƙar ƙarshe kaɗai, zaman katirij ne, a Rega kuma ka koma ka sake auna 222 ɗin.