Kafin ka biya kuɗin bita kan lafiyar ƙwaƙwalwa, auna abin da kake saya

Da zarar watan Oktoba ya kama, takardun tayi sai su fara taruwa a teburin shugabannin asibitoci, makarantu da ƙungiyoyi, saboda 10 ga watan ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya. Wannan ya ce zai zo ya yi laccar awa biyu kan damuwar aiki. Wancan ya ce bitar kwana biyar gare shi a otal, har da takardar shaida mai ƙyalli. Ga na intanet, wasu kyauta, wasu sai da dala. Kai kuwa kuɗin da aka ware maka na abu ɗaya ne.

Ruwa ba ya tsami banza. A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga Turawan mulki. Binciken 2018 da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ya nuna mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. Rikicin Arewa maso Gabas da ta'asar 'yan bindiga a Zamfara, Katsina da Sakkwato sun bar ɗimbin mutane da firgici da rashin barci. Likitocin ƙwaƙwalwa kuma ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Dole aikin ya sauko hannun nas, malamin asibitin sha-ka-tafi, ungozoma da malamin makaranta. Bukatar horo gaskiya ce. Sai dai inda bukata ta yi yawa, 'yan kasuwa ma sukan yi yawa.

Kafin ka buɗe kowace takardar tayi, rubuta layi ɗaya: ranar Litinin bayan an tashi daga bitar, me nake so ma'aikacina ya yi wanda bai iya ba a da? Idan amsar ita ce "ya daina yi wa mai taɓin hankali dariya", kayan daban ne. Idan ita ce "ya gane mai farfaɗiya, ya ɗora shi a magani, ya bi sawunsa", wannan ma daban ne, kuma ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Laccar baƙo

Ita ce mafi sauƙi, kuma tana da ranarta. Mai magana da ya iya baki zai sa ma'aikata su fara tattauna abin da suke jin kunyar faɗa, musamman idan ya zo da wani da ya taɓa yin ciwon ya warke, ya kuma yarda da kansa ya ba da labarinsa. Amma lacca ba ta koyar da aiki. Mutum ba ya koyon yadda ake tambayar mara lafiya ko yana tunanin kashe kansa daga kallon majigi. Saye ta don buɗe taro ko shawo kan manyan da ke riƙe da kasafi, kada ka rubuta a rahoto cewa an horar da ma'aikata.

Agajin farko na kwana ɗaya ko biyu

Iri biyu ne ake yawan rikita su. Na farko shi ne PFA, agajin farko ga wanda ya fito daga tashin hankali, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafinsa a 2011. Abu uku ya ƙunsa: ka duba halin da mutum yake ciki, ka saurare shi ba tare da matsa masa ba, ka haɗa shi da abin da yake bukata, ko abinci ne, ko danginsa da suka ɓace, ko asibiti. Ana koyar da shi a yini guda, littafin kyauta ne. Ya dace da masu aikin sa-kai a sansanin 'yan gudun hijira, da malamai a garin da aka kai wa hari, da 'yan agaji.

Na biyu shi ne Mental Health First Aid, wanda Betty Kitchener da Tony Jorm suka fara a Ostiraliya a farkon shekarun 2000. Shi na kowa da kowa ne: yadda za ka lura abokin aiki ya shiga wani hali, ka yi masa magana, ka kai shi inda za a duba shi. Yana da lasisi, saboda haka duk wanda ya ce shi yake koyarwa, nemi shaidar izininsa. Bincike ya nuna yana ƙara wa mahalarta sani da ƙwarin gwiwa, amma hujjar cewa waɗanda suka taimaka wa sun fi samun sauƙi ba ta da ƙarfi. Ya fi dacewa da banki, kamfani ko jami'a.

Ga abu ɗaya da za ka guje wa ko da kyauta ne. Idan wani ya ce zai tara ma'aikatanka bayan hari ko mummunan haɗari, ya sa kowa ya kwashe labarin abin da ya gani dalla-dalla a zama ɗaya don "a fitar da abin daga zuciya", ka ce masa a'a. An gwada wannan hanya, ba ta hana ciwon firgici, wasu ma takan ƙara dagula musu lissafi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar ta.

mhGAP, ga mai asibiti

A nan ne ya kamata mafi yawan kuɗin asibitocin matakin farko ya tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, littafin aikinsa ya fito a 2010, aka sabunta shi a 2016. An tsara shi ne don ma'aikacin lafiya da ba ƙwararren ƙwaƙwalwa ba, kuma ya tattara abubuwan da suka fi zuwa bakin ƙofar asibiti: ciwon damuwa, taɓin hankali, farfaɗiya, matsalolin yara da matasa, ruɗewar tsufa, shaye-shaye da yunƙurin kashe kai. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun daidaita shi da yanayin Najeriya, sun gwada shi a Jihar Osun. Akwai kuma gajeren bugu na 2015 da aka yi tare da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, don wuraren da rikici ya ɗaiɗaita.

Horon yakan ɗauki kamar mako guda, kuma mai kyau ana gane shi tun ranar farko. Za ka tarar an ture kujeru gefe, mahalarta sun zauna uku-uku. Ɗaya ta zama matar da ta haihu wata biyu da suka wuce, tana cewa kanta na zafi, wani abu na yawo a jikinta, ba ta iya barci. Ɗaya ya zama malamin asibiti. Na uku yana riƙe da takarda yana duba ko an tambaye ta tun yaushe abin ya fara, ko tana cin abinci, ko tana jin daɗin ɗaukar jaririn, ko ta taɓa jin gara ta mutu ta huta. Haka marasa lafiyarmu suke zuwa, da kukan jiki, kuma ma'aikacin da bai gwada irin wannan hira da bakinsa ba, cikin Hausa, farasitamol da maganin zazzaɓi zai ba ta ya sallame ta. Idan jadawalin da aka kawo maka laccoci ne daga safe har la'asar, sunan mhGAP kawai aka ara.

Amma ba a nan gizo yake saƙa ba. Shirin an gina shi ne a kan duba aiki bayan horo: wani ƙwararre, likitan ƙwaƙwalwa ko nas mai wannan fanni, ya riƙa zuwa wata-wata yana zama da ma'aikacin yana ganin marasa lafiya tare da shi, yana amsa waya idan abu ya cije. In babu wannan, bayan 'yan watanni littafin ya koma cikin durowa. Haka kuma in babu magunguna irin su amitriptyline, haloperidol, phenobarbital ko carbamazepine a ɗakin magani, ka koya wa mutum gano ciwon da ba zai iya yi wa komai ba. Ni a ganina gara ka horar da mutum goma sha biyu da kuɗin duba aikinsu na rabin shekara, da ka cika ɗaki da arba'in a ɗauki hoto a watse.

Horon maganin baka

Ƙungiyar da ke da ma'aikata masu zama da mutane, ba masu rubuta magani ba, sai ta duba PM+, wanda ya fito a 2016. Zama biyar ne da mai damuwa, minti 90 kowane mako, ana koya masa sassauta numfashi, warware matsala ɗaya bayan ɗaya, komawa harkokin da ya watsar, da neman tallafin 'yan uwa. An gwada shi a Peshawar ta Pakistan da Nairobi, aka ga amfaninsa. Wanda ba ƙwararre ba yana bukatar kamar kwana goma a aji, sannan ya fara aiki ana duba shi mako-mako. Wanda ya yi maka tayin PM+ a kwana biyu, ko bai karanta littafin ba, ko yana zaton kai ba za ka karanta ba. Ba a yin sa ga mai taɓin hankali ko wanda ke dab da cutar da kansa, don haka sai ka san inda za ka tura irinsu tun kafin a fara.

Masu aikin awon ciki da haihuwa su nemi shirin Thinking Healthy, wanda aka fara gwadawa da ma'aikatan lafiya mata a karkarar Rawalpindi, don damuwar masu ciki da masu jego.

Cibiyar gyaran masu shaye-shaye kuwa tata ita ce UTC, manhajar horar da masu kula da masu shaye-shaye ta ƙungiyar ƙasashe mai suna Colombo Plan. Kwasa-kwasai ne jere da ake bi a hankali, a ƙarshe a zauna jarrabawa. Ba ta mai gaggawa ba ce.

Na kyauta a intanet

QualityRights na Hukumar Lafiya ta Duniya kyauta ne, data kawai zai ci, kuma Ghana ta ƙaddamar da shi a faɗin ƙasa a 2019. Magana yake a kan haƙƙin mara lafiya: ɗauri, tilastawa, neman yardarsa kafin magani. Duk wanda ya tuna gidan marin Rigasa a Kaduna, inda 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 a watan Satumban 2019, wasu da mari a ƙafa, ya san wannan ba zancen Turai ba ne. Matsalarsa ita ce ta duk karatun waya: da yawa za su fara, kaɗan za su gama. Sa ma'aikata su yi shi rukuni-rukuni kafin mai horo ya zo, sai ka rage kwanakin da za ka biya.

Shi kansa mai horon

Kada kalmar "Dokta" a jikin fosta ta ishe ka. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne mai rajista da MDCN, wato majalisar likitoci ta ƙasa, wanda ya ƙware ta kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Nas na wannan fanni yana da rajista da majalisar nas da ungozoma. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti yana da digiri na biyu a fannin da horon aiki da marasa lafiya. Mai ƙarfafa gwiwa a dandalin sada zumunta yana iya fin su duka iya magana, amma kada ya koyar da magani.

Tambaye shi yaushe rabonsa da ganin mara lafiya. Tambaye shi abin da zai ce wa mahalarcin da ya miƙe ya ce wannan ciwo na aljanu ne, ruƙiyya ce maganinsa, domin sai an samu mai faɗar haka. Wanda ya yi tsaki ya ce jahilci ne, ya riga ya rasa ɗakin. Wanda ya san aiki zai nuna yadda ake tafiya da malamai da masu maganin gargajiya, tunda wurinsu iyali suke fara zuwa. An ma gwada irin wannan haɗin gwiwa a Ibadan da Kumasi, sakamakon ya fito a 2020, kuma masu taɓin hankalin da aka kula da su ta haka sun fi samun sauƙi. Sannan a duba ko akwai mace a cikin masu horon, musamman idan yawancin mahalarta mata ne.

Tambaye shi kuma yadda zai auna mahalarta. Jarrabawar zaɓi-ɗaya kafin bita da bayanta haddar mako guda kawai take aunawa. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna da tsarin EQUIP, inda ake kallon mutum yana gwajin hira da mara lafiya ana ba shi maki. Mai horon da ya san shi ya cancanci a ƙara masa kuɗi.

Wurin neman irin waɗannan mutane ba nisa: asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Maiduguri da Kware kusa da Sakkwato, da na Dawanau a Kano, da sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin su Aminu Kano da Shika. Ribar ɗauko na kusa ita ce asibitinsa ne za ka riƙa tura marasa lafiyar da suka fi ƙarfinka. Baƙon da ya taso daga Legas ko Ingila ranar Juma'a zai hau jirgi.

Takardar kuɗi

Ka nemi a rarraba maka ita layi-layi. Sau da yawa za ka ga hayar zaure, abinci, jaka, riga da alawus sun cinye fiye da kuɗin koyarwar kanta. Ɗakin taron asibitinka zai iya maye gurbin otal. Kuɗin mota haƙƙi ne ga wanda ya taso daga ƙauye, amma idan ya yi kauri, jerin sunayen zai cika da ma'aikatan ofis da 'yan uwan manya, nas ɗin da ke ganin marasa lafiya kuma tana bakin aiki. Kai da kanka za ka zaɓi mahalarta, kuma ka tabbata ba a shirin yi musu canjin wurin aiki nan kusa.

Idan likitoci ko nas ne, tambaya ko bitar tana da makin ƙaro ilimi da MDCN ko majalisar nas ta amince da shi don sabunta lasisi, a kuma rubuta hakan a yarjejeniya. A rubuta yawan ziyarar duba aiki da ranakunsu, da lambar da ma'aikaci zai kira, da cewa littattafan za su zauna a asibitin. Kason ƙarshe na kuɗin kuma kada ya fita ranar rufe taro. A biya shi bayan an yi ziyarar ƙarshe an kawo rahotonta.