A Haɗe Ko A Rarrabe: Iskar Gas Da Man Fetur Bayan Tarayyar Sobiyet

Ɗaliban harkar makamashi sun sha tambaya: in ƙasa ta gaji ma'aikatar gwamnati, ta bar ta dunƙule ko ta raba ta? Rasha ta gwada duka biyun.

Ma'aikatar iskar gas ta Sobiyet, wadda aka kafa a 1965, ba ta watse ba. A 1989 ministanta Viktor Chernomyrdin ya mayar da ita kamfanin Gazprom, rijiyoyi da bututu duk a hannu ɗaya. Ɓangaren man fetur kuwa an yanyanka shi, aka samu kamfanonin Lukoil, Yukos, Surgutneftegaz da Rosneft.

Ta fuskar aiki, haɗewa ta fi dacewa da gas. Man fetur kan zauna a tanki, a ɗora shi a jirgin ƙasa. Gas ɗin Urengoy, filin haƙar gas da ke Siberiya, kuwa sai bututu mai faɗin milimita 1,420, da tashoshin matsa iska a jere har iyakar Turai. Tasha ɗaya ta tsaya, matsi ya faɗi, garuruwan gaba su kwana cikin sanyi. Shi ya sa haƙar gas ta ɗan ragu kawai a shekarun 1990, ta mai kuwa ta zube da kusan rabi.

Amma haɗewar da tsadarta: farashin gas a cikin gida ya yi ƙasa, masana'antu na shan gas ba sa biya, lissafi kuma a rufe. Rarrabawa ta kawo gasa, sai dai a gwanjon 1995 an sayar da Yukos da arha ƙwarai.

Ƙasar da gas ɗinta ke bin bututu ɗaya, haɗewa ta fi mata. Ƙasa mai filayen haƙa barkatai da kotuna masu ƙarfi, rarrabawa za ta karɓe ta.