Wata takwas da WhatsApp a hannun Umma

Bayan ƙaramar Sallah na saya wa Umma wayar Android, na saka mata WhatsApp. Shekarunta sun haura 65, tana karanta Alƙur'ani da ajami, amma ba ta yi boko ba. Da can 'yar ƙaramar waya mai madannai take riƙewa, sai rediyonta da ba ta rabuwa da shi lokacin labaran BBC Hausa. Dalilin sayen kuwa ƙanwata ce da aure ya kai Kumasi, ga kiran ƙasar waje yana cinye kati tun ba a gama gaisawa ba.

Makon farko mun sha fama. Yatsunta sun bushe saboda aikin gida, sai ta taɓa gilashin ya ƙi amsawa, ta ƙara dannawa da ƙarfi yadda ta saba, ya kai ta wani wuri daban. Ranar ta uku ta ajiye wayar a kan tabarma ta ce, "Ɗauke abinka, wannan na yaran zamani ne." Na ce, "Umma, ki yi haƙuri, abu ɗaya kawai zan nuna miki."

Abin nan ɗaya shi ne saƙon murya, kuma don shi nake wannan rubutu. Tun 2013 manhajar take da shi, mu matasa mun ɗauke shi abin wasa, amma ga wadda ba ta rubuta boko shi ne komai. Da farko takan saki maɓallin tun ba ta gama sallama ba, maganar ta yanke. Da na koya mata ta ja shi sama ya kulle, sai ta samu sakewa. Yanzu takan gyara zama, ta gyara mayafi, ta yi sallama, ta tambayi mai gida, ta bi jikoki ɗaya bayan ɗaya da sunan da ta raɗa wa kowa, ta rufe da addu'a. Saƙonta yakan kai minti biyar. Ƙanwata ta ce ba ta goge ko ɗaya, idan kewar gida ta taso mata da dare su take kunnawa.

Hoton da ke jikin kowace lamba ma ya taimaka ƙwarai. Ba ta bukatar karanta suna, fuska take nema. Yayanmu ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa saboda alkunya, a da sai ta ce a kira mata "wancan". Yanzu hotonsa take taɓawa da kanta, ba ta nemi kowa ba. Kiran bidiyo kuwa sai ranar da sabis ya yi kyau a unguwarmu, amma a nan ta fara ganin jikar da aka haifa a Kumasi, ta daɗe tana shafa gilashin.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne abin da mutane ke turowa. Umma ta tashi a zamanin da in rediyo ya faɗi magana to ta zauna, don haka duk muryar da ta fito daga waya gaskiya take ɗaukarta. An taɓa turo mata wani haɗi wai yana raba mutum da hawan jini, har ta fara tunanin ajiye maganin asibiti. Na nuna mata alamar kibiya da ke bisa saƙon da aka yi ta yaɗawa, muka yi alkawari ba za ta sha komai ba sai ta tambaye ni. Wani kuma ya kira ta yana neman lambobi 6 da aka aiko mata, waɗanda da su ake ƙwace wa mutum WhatsApp ɗinsa. Allah ya taimaka ta ce sai ɗanta ya dawo. A daren na saka mata lambar sirri ta mataki na biyu, na ƙara girman rubutu, na kashe saukar bidiyo kai tsaye don kada data ta riƙa ƙarewa a banza.

Duk mai tsohuwa a gida, ina ba shi shawarar ya gwada, amma da sharaɗin zai zauna kusa da ita sati biyu ba tare da ƙosawa ba. Jiya na shiga na tarar da Umma da maƙwabciyarta Inna a tsakar gida, ta riƙe mata yatsa tana cewa, "Ki danna nan, ki ja sama, sannan ki yi sallama."