Na'urar auna iskar jini ta yatsa: amfaninta da aibinta

Ƴar na'urar nan da ake samu a kemis-kemis na Katsina ta cancanci kuɗinta ga mai jinyar ciwon huhu. Ƙananan batura biyu take ci. A maƙala ta a yatsa, a jira minti guda lambar da ke nuna yawan iskar oksijin a jini ta tsaya. Mai lafiya kan nuna 95 zuwa 100. Idan ta sauka 92 ga haki, wataƙila kumburin huhu ne ke hana iska shiga jini, sai a garzaya asibiti.

Aibinta kuwa, yatsa mai sanyi lokacin hunturu yana rikita ta, don haka a ɗumama hannu tukuna. Baƙin lalle da jan farce ma haka. Abin da ya fi tayar da hankali, a kan baƙar fata takan ƙara lamba, ta nuna 94 alhali jinin bai kai haka ba.