Kwana uku da ƙaramar motar lantarki a Maraɗi, kafin in sa kuɗina

Tun kafin azumi nake juya wannan magana a raina. Corollata ta tsufa, ta fara shan baƙin mai, kuma da wuya wata ya fita ban kai ta gareji ba. Wani Alhaji da muke maƙwabtaka a kasuwa, mai shigo da kaya ta tashar ruwan Lome, ya sa aka haɗo masa da ƙaramar motar lantarki guda, BYD Seagull, ƙirar ƙasar Sin. Ya ce zai sake yin oda, in ina so in ba da rabin kuɗi a taho da tawa. Na ce masa, "Alhaji, ba a cinikin biri a sama. Ara mini ita in gani." Ya miƙo mini makulli ranar Alhamis da safe, na mayar masa ranar Asabar bayan isha.

Motar ta fito a 2023. A Brazil da Meziko ana sayar da ita da sunan Dolphin Mini, a Turai kuma Dolphin Surf. Ta Alhaji ita ce mai ƙaramin batir, kilowat 30, wadda aka rubuta za ta yi kilomita 305 a caji ɗaya. Akwai mai kilowat kusan 39 da aka rubuta mata 405.

Abin da ya fara kama ni shi ne shiru. Na ɗauki yara daga Ali Ɗan Sofo zuwa lakwal, ina jin duk abin da suke faɗa a baya ba sai sun ɗaga murya ba. Babu giya, babu kuloci, ka taka ta tafi. A cikin cunkoson kabu-kabu da adaidaita na bakin babbar kasuwa, inda Corolla ke sa ƙafata ta hagu ciwo, wannan tana ratsawa cikin sauƙi, kuma duk ɗan gurbin da ka samu ya ishe ta tsayawa, don tsawonta bai kai mita 4 ba. In ka ɗage ƙafa sai ta rage gudu da kanta, tana mayar da ƙarfin cikin batir. Shi ya sa tafiyar cikin gari, ta tsaya-tafi, ta fi yi mata arha fiye da doguwar hanya, akasin motar mai. Sai dai shirun yana son kula. Ɗan sautin da take yi in tana tafiya a hankali hayaniyar kasuwa na haɗiye shi, masu tura baro da yara ba su jin tahowarka, dole hannunka ya zauna kusa da oda.

Sanyin cikinta ma ya burge ni ƙwarai. Na jira uwargida ƙofar asibiti da azahar kusan minti 40, sanyi na aiki, ba inji mai ruri, ba hayaƙi, ba fargabar ruwan lagireto ya tafasa. Wanda ya san zafin Afrilu da Mayu a garin nan, lokacin da ake haura digiri 40, ya san darajar wannan. Da ta fito na ba ta ta tuƙa zuwa gida. Tana sauka ta ce, "Malam, wannan ai tawa ce." Sai ta leƙa baya ta ƙirga kujeru, ta yi shiru. Mutum huɗu motar ke ɗauka, mu kuwa shida ne a gida. But ɗin ya karɓi buhun shinkafa ɗaya da kwandon cefane, daga nan ya cika. Iyalin da masu ƙera ta suka auna, miji da mata da ɗa ɗaya ko biyu ne.

Ranar Juma'a bayan masallaci na gwada ta a hanya, Madarunfa zuwa da dawowa, wajen kilomita 50, sanyi a kunne. Ta ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu na batir. Ke nan abin da zan iya dogara da shi kilomita 200 ne da ɗan ɗori. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin 305 ɗin ma'aunin gwajin ƙasar Sin ne, wanda ake yi da gudu kaɗan-kaɗan irin na birni. A kan kwalta tana zaune daram, nauyin batir a ƙasa yana riƙe ta. Amma mota ce mai ƙasa-ƙasa kamar duk ƙananan motocin birni, don haka ban yi gangancin shigar da ita yashin bakin gulbi ba, kuma ba zan so in ratsa lungunan da ruwa ke kwanciya a watan Agusta da ita ba.

A nan ne lissafina ya fara tsayawa. Innarmu tana Tasawa, kilomita wajen 120, kuma duk sati biyu nake zuwa gaishe ta in dawo a ranar. Zuwa da dawowa ya fi ƙarfin caji ɗaya. Damagaram da Ƙonni kowace tana wajen 240, Yamai kuwa ta haura 600. Motar tana karɓar caji mai sauri, daga kashi 30 zuwa 80 cikin rabin awa, amma sai inda aka kafa injin yin hakan, ni kuwa a hanyoyin da nake bi soket ɗin gida kawai zan samu. Soket ɗin gida kilowat 2 yake bayarwa a awa, wato batir ɗin da ya ƙare sai ya yi awa 15 kafin ya cika. Duk ziyarar Inna za ta koma ta kwana. Kuma ga wani abu da mai oda ya kamata ya tambaya tun kafin ya biya: motar da aka ƙera don kasuwar Sin bakin cajinta daban yake da na Turai. In wata rana aka kafa wuraren caji irin na Turai a ƙasar nan, sai ka nemi mahaɗi.

A cikin gari kam cajin ba wahala ba ne. Yawona na rana bai wuce kilomita 30 ba, abin da awa biyu zuwa uku a soket ke mayarwa. Daren Juma'a an ɗauke wuta sau biyu, motar ta ci gaba da kanta da aka maido, da safe na same ta da abin da ya ishe ni. Abin da ke tsaya mini a rai ya fi ɗaukewar dare ɗaya girma. Wutar Maraɗi daga Najeriya take zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa. Ba mu manta watan Agustan 2023 ba, da aka yanke ta bayan juyin mulki, aka shafe watanni har sai da aka ɗage takunkumi a farkon 2024. Da a lokacin motar nan ce kaɗai gare ni, da janareta zan riƙa ɗura mata, in ƙona man da na gudu. Ba kuma ina cewa mai abin dogaro ne ba. Duk da matatar SORAZ da ke aiki a Damagaram tun 2011, mun sha layi a gidajen mai a watan Maris na 2025, kuma tun da Najeriya ta cire tallafi a Mayun 2023 kwalbar ƴan ruwa-ruwa ta daina zama mafita mai arha. Abin da ba wanda zai rufe mana iyakarsa ita ce rana. Farantan hasken rana na kilowat 3 za su ba da abin da ya ninka yawona na yini, in dai motar na tsaye kusa da su da rana. Tawa a ƙofar shago take wuni, don haka a rufin shago ya kamata su zauna, ba a gida ba.

Na bi da ita wajen bakanikena, wanda ya riƙe mini mota shekara goma sha. Ya buɗe gaba ya daɗe yana kallo, ya nuna mini wayoyi masu launin lemu ya ce, "Malam, waɗannan ba a taɓa su da hannu, wutar da ke ciki kisa take yi. Birki da taya da ƙafafu zan yi maka. Abin da ya wuce nan sai mai kwamfuta." Gaskiya ya faɗa. Motar ba ta son juyen baƙin mai, ba fulogi, ba bel ɗin inji, kuma batirinta irin mai ƙarfe da fosfet ne, wanda ya fi sauran jure zafi da yawan caji. Amma ranar da kabu-kabu ya fasa maka fitila ko gilashin gaba, ba za ka shiga kasuwar kayan gyara ka fito da shi kamar na Toyota ba. Sai oda, sai jiran jirgi, ga iyakar Benin a rufe, kaya na zagayowa ta Burkina.

Sai kuɗi. A Sin a 2024 kuɗin ƙaramar ya fara daga yuwan 69,800, wato kusan miliyan 6 na sefa. Kafin ta sha jirgin ruwa, doguwar hanya, duwan da ribar mai kawowa, abin da Alhaji ya yanka mini ya haura miliyan 10. Litar isansi tun Yulin 2024 dala ɗari ce ba tamma ɗaya, 499. Corolla na shan lita 7 a kilomita 100, jika 3 da rabi ke nan. Wannan tana cin kilowat 14 zuwa 15, ko an ƙaddara kowane a dala ashirin, jika ɗaya da rabi ne. Ribar jika 2 a kowace kilomita 100, a shekara wajen jika 220 a irin tafiyata, ban da kuɗin juye. Riba ce ta gaske, kuma na ji daɗinta. Amma da rabin kuɗin zan sami Corolla ta hannu mai lafiya, kuma tsimin mai ba zai cike wannan giɓi ba ko a shekara 15.

Ga wanda ke da babbar mota ta tafiye-tafiye, yana neman ta biyu don kai yara lakwal da zirga-zirgar uwargida, kuma yana da farantan rana, ina ba shi shawara ya saya ba tare da ɗar-ɗar ba, ya ɗauki mai babban batir in da hali. Ni mota ɗaya nake iya riƙewa, kuma dole ta ɗauki mutum shida ta kai Tasawa ta dawo.

Da na mayar da makulli Alhaji ya ce, "To Malam, in sa sunanka?" Na ce, "Ba wannan karon ba, Alhaji. Amma in ka ga mai ɗaukar mutum shida wadda za ta kai Damagaram da sanyi a kunne, ka kira ni kafin kowa." Ranar Litinin na sa yaron da ke haɗa sola ya hau rufin shago ya auna, ya ce faranti shida za su zauna. Da su zan fara bayan sallah.