KiCad ta cece ni daga asarar alluna biyar

Ni dai ƙananan allunan lantarki nake zanawa na na'urar cajin batirin sola, ba wani babban injiniya ba ne. Shekara biyu ina fama da wata manhaja da sai da intanet take aiki, ba zan kama suna ba. Wani abokin sana'a ya dame ni da zancen KiCad, wata manhajar zana allunan lantarki, har ya zuba min ita a filash. Da na ji kyauta ce sai na taɓe baki, na ce araha ba ta ado.

Daren da zan tura aiki Chaina a ƙera min allunan ne KiCad ta ba ni kunya. Na gama jan layukan tagulla, mai binciken kuskure bai ce uffan ba, na fitar da fayilolin Gerber, wato waɗanda ake tura wa masu ƙera allo, saura biyan kuɗi. Haka kawai na buɗe wajen da ke nuna allon kamar yana hannunka, na juya shi gefe. Sai ga babban kafasito ya nutse cikin ƙarfen sanyaya tiransisto, kusan rabinsa! A zanen kwance ba a gani, don fikafikan ƙarfen daga sama suke bajewa. Wallahi sai da na ajiye kofin shayi. Alluna biyar, jiran sati uku, ga kuɗin jirgi da dala. Na matsar da kafasiton milimita 6, na sake jan layi biyu, shi ke nan.

Daga baya na ji ashe tun 1992 wani Bafaranshe, Jean-Pierre Charras, ya fara ta, har CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, ta sa mata hannu. Tana ɗaukar shimfiɗar tagulla 32, ni da ban taɓa wuce biyu ba.

Ba wai na sha da daɗi ba fa. Satin farko kaina ya yi zafi, domin alamar kaya daban, sawun ƙafafunsa a kan allo daban, kai za ka haɗa su. Garin sauri na taɓa juya ƙafafun tiransisto, wannan laifina ne.

Amma idan na tuna ranar da sabis ya ɗauke ina tsakiyar aiki a waccan tsohuwar, zanen awa biyu ya bi ruwa ga mai kaya yana ta kira, har yanzu raina ɓaci yake. Jiya aka ɗauke wuta, data ta ƙare, na ci gaba da jan layina a KiCad har batirin kwamfuta ya mutu.