Da Gemuna Aka Zaunar Da Ni Darasin Goge Baki

Masu tambayata a waya dalilin da ya sa maganata take fita kamar ina tauna ta, ga amsarku: ƙarfe ne a bakina. Na shiga gyaran jerin haƙora a nan Ingila, na sama ne suka daɗe da turo kai gaba, na ƙasa kuma suka hau juna. Na san abin da wasunku za su ce, "Da girmanka?" Ku ce. A ɗakin jira na ga masu furfura da irin ƙarfen nan, ba wanda ya ɗaga ido ya kalle su.

Na je ne da zaton a ranar za a ɗaura mini waya in koma gida. Ashe zuwan farko bincike ne kawai. Aka ɗauki hoton fuskata gaba da gefe, aka yi eksire na muƙamuƙi gaba ɗaya, aka zagaya bakina da wata 'yar na'ura, sai ga haƙorana a allon kwamfuta ana juya su ta ko'ina. Likita ya ce cizona, wato yadda haƙoran sama da na ƙasa suke haɗuwa, aji na biyu ne. Rabon cizo zuwa azuzuwa uku wani Ba'amurke ne, Edward Angle, ya tsara shi tun 1899, kuma har yau da shi ake aiki.

Daga nan aka miƙa ni hannun wata ma'aikaciya da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta ba ni wata ƙwaya ta ce in tauna, in kurkure, sannan ta ɗora mini madubi. Jama'a, gindin haƙorana duk ya rine ja, musamman ta ciki da tsakankani. Rini ne da ke kama daskararren dattin da burushi ya tsallake. Ni da na goge baki har da ƙari kafin in fito! Ba ta yi dariya ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauko haƙoran roba da ƙaton burushi, ta nuna mini yadda ake karkata shi wajen dasashi, minti biyu, safe da dare, da yadda ake zura wani siririn burushi tsakanin haƙori da haƙori. Ta ce kada in kurkure da ruwa bayan gogewa, in tofar kawai, don sinadarin fulorayid na man goge bakin ya zauna. Sannan ta ce in yi a gabanta ta gani. Na yi, ta gyara mini riƙo. A ƙarshe ta faɗa mini a fili cewa ba za a sa mini komai ba sai dasashina ya daina jini, an kuma cike wani ƙaramin rami da eksire ya tono.

Na fito raina a ɓace. Kuɗina ne, bakina ne, a ce sai na ci jarrabawa? Amma hujjarsu ba ta da makawa. Ƙarfen matattarar datti ne. Wanda bai iya tsabtace baki ba, ranar da aka cire masa zai tarar da fararen tabo zagaye da inda kowane ƙarfe ya zauna, alamar fatar haƙori ta fara zaizayewa, kuma sau da yawa tabon ba ya gushewa. Tura haƙori a kan dasashi mai ciwo kuwa yana iya cinye ƙashin da ke riƙe da shi. Sun gwammace su bar ka ka tafi da fushinka da su karɓi aikin da zai lalace.

A nan ne na tuna halinmu. Ba ma zuwa wajen likitan haƙori sai kunci ya kumbura barci ya gagara, kuma da buƙata ɗaya muke zuwa: a cire. Wanda ya je lafiyarsa ƙalau don a duba shi, sai a ce ya rasa abin yi da kuɗi. Likita ya yi magana, mu ce "to" ba tare da mun gane ba, tambaya ta zama kamar rashin kunya. Nan kuwa takarda aka ba ni mai lissafin duk abin da zai iya faruwa, har da cewa saiwar haƙori tana iya ɗan gajarcewa, aka ce in je in karanta kafin in sa hannu.

Ranar ɗaurawa ba allura, ba zafi. Ana share fuskar kowane haƙori, a liƙa masa ɗan ƙarfe da gam, a haska shuɗiyar fitila ya daskare, a ratsa waya a ɗaure. Wayar farko siririya ce, an yi ta da haɗin nikel da titaniyam, haɗin da aka samo a ɗakin binciken sojojin ruwan Amurka wajen 1960. Duk yadda aka lanƙwasa ta, ƙoƙarin komawa siffarta take yi, tana jan haƙora tare da ita. Kamar turken da aka kafa a danshi ne ana tura shi a hankali, gabansa na buɗewa bayansa na cikewa: ƙashi yana narkewa ta inda ake matsawa, sabo yana tsirowa ta ɗaya gefen. Tafiyar ba ta cika wuce milimita 1 a wata ba, shi ya sa aikin yakan ci wata 18 zuwa 24.

Ciwon sai dare ya yi yake sallama, washegari ya kai maƙura, ya ɗauki kwana uku zuwa mako kafin ya lafa. Haƙora su yi tsami, ko haɗa su ba ka son yi, ƙarfe yana gurzar cikin leɓe har ya yi gyambo. Abin da suka haɗa ni da shi shi ne ɗan kaki na mannawa a kan ƙarfen da shawarar in sha farasitamol. A wannan makon na yi kewar gida sosai. Mutanen nan sun iya aiki, sun iya bayani, amma ba mai ce maka sannu har ta kai zuci. Ka kwana da baki yana zugi, da safe maƙwabci ya wuce ka da murmushin da bai kai ido ba.

Sauran dokokin kun iya hasashensu: ban da cingam da alewa mai danƙo, ban da gatsa abu mai tauri da haƙoran gaba. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne lokaci. Duk bayan mako shida zuwa takwas ake komawa a canza waya ko a ƙara ɗauri, kuma idan an ce ƙarfe tara, tara ɗin ake nufi. Ka makara kaɗan, a ba ka wata ranar, aikinka ya ƙara tsawo. Ba wani ɗan uwa a ciki da zai shigar da kai ta baya. Na yi tsaki, amma kuma ban taɓa zaman awa guda a benci ina jiran likitan da bai iso ba.

Wani abokin aikina ya zaɓi robar nan mai haske da ake cirewa, irin su Invisalign. Na yi masa hassada har sai da na ji sharaɗin: awa 20 zuwa 22 kullum tana baki, a cire don cin abinci, a goge baki, a mayar. Wanda ya san halinsa na mantuwa gara ya rungumi ƙarfe. Kuma ni da shi duk abu ɗaya ke jiranmu bayan an gama, wato mariƙin da ake kwana da shi, domin haƙori yana neman komawa mazauninsa na da. Na tambayi likita har zuwa yaushe, ya ce muddin ina son su zauna a jere. Zuwa na gaba kuma za a fara rataya mini ƙananan robobi daga sama zuwa ƙasa, waɗanda ni da kaina zan riƙa canzawa kullum.